Ramin Wankin Latas na Malam Inuwa

Malam Inuwa yana da shekara goma sha biyu lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci ƙauyensu. Abin da ya fi tunawa a ranar tashin shi ne akuyar babarsa, wadda ta ƙi hawa motar kaya sai da maza uku suka ciccibe ta. Aka sauke su a sabon fili a ƙasar Bebeji. Mutanen da ba su san komai ba sai dawa da gero suka koyi kamun kifi da noman rani. Shi kwale-kwale jiri yake sa masa, don haka ya kama lambu: latas, kabeji, da ɗan karas a gefe. Kabarin kakansa da na yayarsa suna can ƙarƙashin madatsar. Ruwan da ke gangarowa ta kanal zuwa gonarsa, har yau "ruwan garinmu" yake ce masa.

Na san shi ne a ranin bara. Bayan na gama digiri na uku na dawo gida ina bincike a kan ƙwayoyin cutar da ke maƙalewa a ganyen da ake ci ɗanye. Aikin shi ne in bi lambuna in ɗebi ruwa da ganye, in kai ɗakin gwaji a Kano. Manoma da yawa sun yi ta kewaye-kewaye, suna zaton gwamnati ce ta turo ni. Malam Inuwa kuwa da na durƙusa na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, dariya ya yi.

"Shamsiyya kika ce? To 'yar nan, shekara nawa kika yi a ƙasar Turawan?"

"Tara, Baba."

"Shekara tara, kika dawo kina ɗibar ruwa a kwalba! Da nan kika zo, da na koya miki a wuni ɗaya."

Maƙwabcin gonarsa, Buba, ya ɗago daga cikin albasa ya ce, "Dakta, kin zo wurin da ba za ki samu komai ba. Wannan tsohon latas ɗinsa wanka uku yake yi kamar amarya. Saura lalle kawai."

"Kai kuma naka da ƙasarsa ake ci," in ji Malam Inuwa. "Shi ya sa haƙoran matanka suka ƙare."

Gaskiyar Buba ce. A ƙarshen lambun akwai rami mai zurfin ƙugu da Malam Inuwa ya haƙa tun yana saurayi, ya jera duwatsu a bakinsa. Yakan cika shi daga kanal. Duk kwandon da aka yanka sai an tsoma shi a nan sau uku kafin ya hau mota. Dillalai sun san kayansa, ba tabo, ba ƙasa a gindi. Na tambaye shi yaushe yake sauya ruwan. Ya ɗebo da tafin hannu, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana da bakin harshe.

"Launi, ƙamshi, ɗanɗano. Haka malaminmu ya koya mana a babin tsarki. In dai ukun nan ba su sauya ba, ruwa yana nan a ruwansa. Wani sa'in yakan kwana huɗu. Kuma ruwan garinmu ne, ya biyo ta kan iyayena. Me zai yi mini?"

Na ɗauki abu uku na saka a kula mai ƙanƙara: ruwan ramin, ganyen da na yanka da kaina daga kunya, da ganyen da ya sha wanka uku. Sau huɗu ina komawa cikin wata biyu, don sakamakon farko bai yi mini daɗi ba, na so a ce kuskurena ne. Bai sauya ba. Ganyen da ba a wanke ba ya fi wankakken tsabta nesa ba kusa ba. Sama da gonar kaɗan akwai mashayar da shanu ke shiga har gwiwa. Ruwan yakan zo da kashinsu ya zauna a ramin, kowane kwando ya ƙara masa takin da ke jikin saiwa, rana ta ɗumama shi. A cikinsa na samu wata irin ƙwayar cuta da babba kan sha da ɗan ciwon ciki, amma takan lalata ƙodar ƙaramin yaro.

Ranar da na je da takardar ban same shi ba, ya tafi Kiru ta'aziyya. Matarsa, Inna Balaraba, ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Na ga wani ƙaramin kwanon silba a rataye shi kaɗai a bango, na tambaya.

"Na Humaira ne, 'yar wajen Mujitaba, babban ɗanmu. Bara war haka ta koma. Shekararta huɗu."

Ta ce yarinyar ba ta da abinci sai kwaɗon latas da ƙuli-ƙuli. Kakanta yakan zaɓo mata ganyen tsakiya masu laushi, ya yi musu wanka na huɗu saboda nata ne, ya kawo a hularsa. Yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho mai ganye. Wata Laraba duk gidan suka yi ɗan murɗar ciki, ya wuce. Ita sai gudawa, kwana biyu ta koma jini. Daga nan fitsari ya ɗauke, fuska ta kumbura. Aka kai ta asibiti a Kano, kwana na tara ta cika.

Na naɗe takardar na mayar cikin jaka. Mako biyu ban taka gonar ba.

Shi ya aiko a kira ni. Na same shi da hantsi a bakin ramin, kwanduna shida a jere suna jiran wanka.

"Kwalaben naki sun yi magana, ko har yanzu suna barci?"

Na yi masa bayani a hankali, na nuna masa mashayar shanun da yatsa. Na ce ruwan na iya zama mai tsarki a yi alwala da shi, amma abin da ke cikinsa ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ba ya jin sa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Wato da ban wanke ba, da ya fi."

"A wannan ramin, eh, Baba."

"Balaraba ta ce kin yi ta tambayar yadda ciwon yarinyar nan ya kasance. Kwana nawa, fitsari, kumburi." Ya dube ni. "Kada ki lallashe ni, 'yar nan, na girmi lallashi. Ganyena ne?"

Na ce ba wanda ya gwada jinin Humaira a kan wannan, kuma ruwan bara ba shi ne na bana ba, don haka ba zan iya rantsewa ba. Ya ce bai nemi rantsuwa ba, abin da nake gani ya tambaya. Na ce alamun da Inna ta faɗa irin na wannan cutar ne.

Ya kalli ruwan. "Sau huɗu nake wanke nata," ya ce. "Na kowa uku."

Ya roƙe ni abu ɗaya, kada Mujitaba ya ji daga bakin kowa sai nasa. Ran nan kwandunan shida ba su je kasuwa ba, a cikin ramin wankin ya binne su. Ya ɗauki shebur ya fara turo ƙasa, duwatsun da ya jera shekara arba'in da suka wuce ya tura su ciki ɗaya bayan ɗaya. Buba ya zo da fartanya zai taya shi, ya ce a'a, shi ya haƙa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja ɗansa gindin darbejiya ya gaya masa komai. Inna Balaraba ce ta ba ni labari. Ta ce Mujitaba ya ce, "Baba, kwananta ne ya ƙare, kai ma ka sani." Uban ya ce ya sani, amma duk da haka yana neman yafiya. Mujitaba ya ce ya yafe, ya rufe fuska da babbar riga. Matar Mujitaba kuwa ta yi wata biyu ba ta shiga sashen surukanta ba. Yanzu tana shiga, tana gaisuwa, ba ta zama.

Malam Inuwa bai daina lambu ba. Kayan kasuwa yana kakkaɓe ƙasar ya tura haka nan, yana gaya wa dillalai su ce a wanke da ruwa mai kyau. Wasu sun koma wurin masu ganye mai sheƙi. Na gida kuwa, jarka biyu yake ɗaurowa a keke daga rijiyar burtsatse, ya zuba a kan ganyen ruwan ya wuce, ba tsomawa. Ya bi maƙwabta gona-gona yana ba da labarin, da sunan jikarsa a ciki. A cikin ramukan wanki goma sha ɗaya na maƙwabta da na ƙirga a layin, uku aka cike. Na Buba ne na farko.

A watan jiya na kai masa ziyara. Inda ramin yake ya zama fili, bai shuka komai a kai ba. Muna tsaye a bakin kanal na ce ruwa ya ƙaru bana. Ya ce eh, sun sako ruwan dam da yawa. Tun ranar da ya cike ramin ban sake jin ya kira shi ruwan garinmu ba.