Sista Kodi da Idon Lukuman

"Sista, ke kuturwa ce?"

'Yata Tabawa ce ta yi wannan tambaya, tana 'yar shekara huɗu, a gaban dogon layin mata kowace da goyonta. Kunya ta rufe ni. Na kai hannu zan toshe mata baki, amma Baturiyar ta riga ni. Ta durƙusa daidai tsawon yarinyar, ta taɓa nata karan hancin da rana ta ƙona har fata na saɓulewa, ta ce, "A'a, ƙawata. Ranar garinku ce ke gasa ni kamar masara. Idan na nuna zan aiko miki."

Mata suka kwashe da dariya, ita kuwa ta koma kan sikelinta.

Sunanta Sista Cordelia, amma babu harshen da ya iya juya shi a unguwarmu Dilimi, sai muka gutsure muka ce Sista Kodi. Nas ce ta mishan. Ta zo Jos daga wata ƙasa mai sanyi a Turai shekara huɗu da suka wuce, ko talatin ba ta cika ba har yanzu. A ƙarshen wannan shekara ta 1978 za a mayar da ita wani ƙauye a gindin tsaunuka, inda ba su da nas ko ɗaya. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana nan, tun kunnenta zai iya ji.

Kafin gari ya waye ta tashi ta kunna risho, ta ɗora tukunyar da take dafa allurai. Yayin da suke tafasa take addu'arta. Ta sha kunu a tsaye, ta ɗaure akwatin ƙanƙara mai maganin rigakafi a bayan wani ƙaramin babur da sai an tura shi yake tashi idan an kwana ana ruwa. Masu sayar da ƙosai a Tina Junction sun san ƙararsa, har da masu cewa da shi suke gane lokacin ɗora mai. Talata tamu ce a Dilimi. Takan rataye sikeli a reshen mangwaron da ke bayan famfo, ta auna jarirai, ta duba ido da baki, ta yi wa waɗanda suka isa rigakafi. Alhamis tana kasuwar Farin Gada wajen mata masu kayan gwari. Da la'asar kuma, lokacin da wani zai ce aiki ya ƙare, sai ta shiga lungu-lungu neman uwayen da ba ta gani a layi ba.

Ba da gwaninta ta zo ba. Waɗanda suka riga ni zuwa awo sun ce a watanninta na farko, idan ta ɗora yaro a sikeli sai ta ɗaga murya cikin murna, "Kai! Wannan ya yi ƙiba! Ya fi kowa nauyi!" A gaban jama'a, ba ko tubarkalla. Wace uwa ce za ta yarda a tallata ɗanta haka, baki ya kama shi? Mako na gaba ta zo ta tarar da mangwaro da inuwarsa kawai. An ce ta zauna a kan tushen itacen ta yi kuka. Firisila, wata mai sayar da kabeji da ke yi mata tafinta a lokacin, ita ta gaya mata gaskiya. Sista ba ta ce mu jahilai ne ba. Ta bi gida-gida tana ba da haƙuri. Yau idan ta auna ɗanki, sai ta ce tubarkalla, ta sunkuyo ta raɗa miki nauyin a kunne, ko ta kusa da ke ba za ta ji ba.

Firisilar nan ta ba ni labarin ranar da naƙuda ta kama wata mai dako a tsakiyar Farin Gada. Sista ta tare motar tumatir ta hana ta wucewa, direba na zagi tana gaishe shi, har ya gaji ya sa aka sauke kwanduna. A bayan motar aka haihu, zanen Firisila ne labule.

Na san abin da wasu ke faɗi, don ni ma na taɓa sa shi a raina. Wata rana na tambaye ta kai tsaye, "Sista, 'ya'yanmu kike so ki mayar Kirista?" Ta ce, "Maman Tabawa, addinina ne ya kawo ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma sikelina bai san Musulmi ko Kirista ba. Idan kin tambaye ni abin da na gaskata zan faɗa. Idan ba ki tambaya ba, ga maganin tsutsar ciki." Tun daga ranar ban ƙara tambaya ba, ita ma ba ta taɓa tsallake wannan iyaka ba. Idan ta zo gida lokacin salla, waje take jira har a sallame.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A bazarar bana ƙyanda ta shigo unguwarmu, wadda tsofaffi ba sa son kama sunanta, sai su ce baƙon dauro, ko baƙo kawai. Ta kama ɗana Lukuman yana wata takwas, saura kaɗan ya isa rigakafi. Maigidana direban babbar mota ne, yana can hanyar Maiduguri. Gida sai ni da Iya, mahaifiyarsa.

Kowa ya san yadda ake karɓar wannan baƙo a wajenmu. A rufe yaro a ɗaki, a saki labule, kada a kai shi asibiti, kada allura ta taɓa shi, wai ƙurajen za su koma ciki su kashe shi. Iya ba don mugunta ta riƙe wannan ba. Tun zamanin da take zaune a barikin haƙar kuza aka yi wa ɗanta na biyu allura yana cikin ƙyanda, bai kwana biyu ba ya rasu. Har yau ba ta ambatar sunansa.

Ƙuraje suka feso, zazzaɓi ya yi zafi, sannan ido ya rufe. Kwantsa ta manne fatar idon duka biyu, yaro ko nono ba ya lalubowa sai na sa masa a baki. Iya ta aika aka karɓo wani gari baƙi-baƙi a ƙunshin takarda daga wajen wani mai magani, a haɗa da kwalli a sa masa a ido, wai zai buɗe shi. Ni kuwa na taɓa ganin yaran da suka tashi daga ƙyanda da ido fari fat, ana jan su da sanda. Hankalina bai kwanta da garin nan ba. Amma yaya za ki ce wa uwar mijinki a'a a cikin gidanta? Sai na riƙa ja da lokaci. In ce barci yake yi, in ce bari ya gama shan nono. Na goya shi na ƙi saukewa, bayana har ya sage. Dabarata ta kusa ƙarewa, Iya ta ce idan an yi la'asar za a sa, ko yana barci ko ba ya yi.

Ranar Talata ce. Ba a gan ni a gindin mangwaro ba.

Muna zaune sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Iya ta ɗaure fuska. Sista ta yi sallama har sau uku kafin a amsa. Ta shigo ba jaka, ta bar ta a waje, ta cire takalmi, ta buɗe tafukan hannunta don a ga babu komai. Ta durƙusa ta gai da Iya, ta tambayi gida, ta tambayi maigida, ta tambayi awaki, kamar ba abin da ya kawo ta. Can ta ce, "Iya, na ji kun yi baƙo. Yaya jikin mai masauki?"

"Da sauƙi," in ji Iya. "Ba ma bukatar allura."

"Ban kawo ba."

"Ba kuma inda za a kai shi."

"Ba zan ɗauke shi ba. Labulen ma a bar shi, haske na yi wa idonsa zafi. Iya ta yi daidai."

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba, me kika sani game da 'ya'ya?"

"Kaɗan, Iya. Shi ya sa na zo wurin wadda ta haifi tara."

Da haka ta samu aka bar ta ta ga yaron. Ta daɗe tana dubawa. Ta hango ƙunshin takardar a kan tabarma, ta tambayi ko mene ne, aka gaya mata. Na ga wuyanta ya yi ja, amma muryarta ba ta canza ba. Ta nemi izini ta fita, ta dawo da wani ɗan bututun man ido.

"Iya," ta ce, "a garin nan aka koya mini cewa wanda ya kawo magani shi ke fara sha. Ga nawa." Ta ja fatar idonta na dama ta matsa man a ciki, ta ƙifta, ta zauna muna kallonta. Ba abin da ya faru. Sai ta matso gaban Iya ta buɗe na hagu da yatsu. "Wannan naki ne. Ki sa mini garin nan tukuna. Idan ni babba na iya ɗauka, sai a sa wa yaro."

Wallahi da gaske take yi. Ta riƙe idon a buɗe tana jira.

Iya ta jawo ƙunshin takardar. Sannan ta ce, "Ba a gwaji da baƙo a gidana." Ta lakato garin da ɗan yatsa ta sa a nata idon.

Iya mace ce da ba ta nuna ciwo. Na taɓa ganin tafasasshen mai ya zubo mata a ƙafa ba ta ce uffan ba. Amma ranar na ga ta damƙe gefen tabarma, idon ya kaɗa ya yi jajir, hawaye na zuba har haɓa. Can ta ce mini, "Maimunatu, kawo ruwa." Sista ce ta karɓi butar, ta kwantar da kan Iya a cinyarta tana wanke mata ido, tana cewa, "Sannu, Iya. Sannu, uwata." Da Iya ta tashi, da kanta ta ɗauki ƙunshin ta kai masai.

Sista ba ta taɓa idon Lukuman da maganin ba. Ta nuna wa Iya yadda ake goge kwantsa da tafasasshen ruwan da ya huce da tsumma mai tsabta, da yadda ake matsa man, ta ce hannun kaka ya fi nata albarka. Ta huda wata 'yar ƙwaya mai mai a ciki ta ɗiga masa a baki, ta ce in ci gaba da ba shi nono ko yana ƙi, in sa ɗan manja a kununsa. Kullum da yamma sai ta biyo, ta bar jaka a waje kamar ranar farko.

Wata safiya ina shara na ji Iya na ƙwala mini kira, irin kiran da ya sa tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na shiga a guje. Yana kan cinyarta, ido biyu a buɗe, yana bin carbinta da kallo duk inda ta kaɗa shi. Ya miƙa hannu ya cafke. Na zauna a ƙasa ina ta alhamdulillahi, ban san sau nawa ba. Akwai ɗan farin tabo a gefen idonsa na hagu, Sista ta ce zai zauna, amma bai hau kan ƙwayar ba. Yanzu har tururuwa yake bi a tsakar gida.

Abin da ya faru da idon Iya, Sista ba ta gaya wa kowa ba. Duk wadda ta tambaya sai ta ce, "Iya ce ta yi jinyarsa, ku je ku koya." Mata suka riƙa zuwa, Iya na nuna musu yadda ake goge ido tana yi musu faɗa. Da na ce zan rubuta wannan, izininta na fara nema. Ta ce, "Rubuta. Har da hawayen."

Sista Kodi, mai awo ta gindin mangwaro, ke ce kika bar uwarki a wata duniya kika zo kina durƙusa wa tamu. Ke ce kika san gaskiya tana hannunki, amma ba ki mari tsohuwa da ita ba. Ke ce kika miƙa idonki saboda ɗan da ba naki ba, ba na addininki ba. Ba ni da abin biyanki. Na gode, maigidana ya gode, Iya ta ce a gaya miki kin yi rama, ki riƙa cin tuwo. Allah ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen da za su san darajarki.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, 'ya'yanmu na gida da kuka fi ta jin Hausa, ku duba yadda take shiga gidan mutane. Ku gai da tsofaffi, ku tambayi abin da suke tsoro kafin ku buɗe jaka.

Ke kuma 'yar'uwata mai goyo, da ke nake. Sista za ta tafi, baƙon nan kuwa zai dawo baɗi kamar yadda ya saba, kuma ba kowace Talata ce babur zai tsaya a ƙofar gidanki ba. Ɗanki na isa rigakafi, ki kai shi. Idan ƙyanda ta riga ki ta rufe masa ido, kada ki yarda a sa masa kwalli, ko gari, ko ruwan ganye, ko daga hannun wa ya fito. Ki nemi ma'aikacin lafiya a ranar, ba gobe ba. Fushin manya ana ba da haƙuri ya wuce. Idon da ya yi fari, babu haƙurin da zai dawo da shi.