Wankan da ban yi mata ba

Hannuna na dama ya karye ne a kan tabarmar sallah. Ban faɗi ba, ba wanda ya ture ni. Na idar da la'asar, na dafa ƙasa zan miƙe kamar kullum, sai na ji ƙas a wuyan hannu. Hannun da ya shekara da shekaru yana daka da tuƙa tuwon gida guda, wai shi ne ya kasa ɗaukar nauyina.

Mai ɗori ya zo ya ja, ya tofa, ya ɗaure da karare, ya ce kafin wata ya mutu zan riƙe muciya. Wata ya mutu, wani ya tsaya, hannu na nan kumbure. Da 'yata ta fari ta gaji, ta kai ni asibiti nan Mafara aka ɗauki hoto. Likita ya ce ƙasusuwana sun zaizaye ta ciki kamar azarar da gara ta ci, abin da ke samun mata da yawa idan girma ya zo, kuma irin wannan karaya ba ta saurin haɗewa. Suka sake ɗaure shi, aka ce kada in ɗaga ko ludayi. Tun ranar 'yar nan ta zama dogarina. Har wayata ta karɓe, wai ina yawan juya hannu wajen lalubo ta.

A lokacin aminiyata na kwance a Bakura, ciwo ya ci ƙarfinta. Tare muka tashi a Kaya, tare muke zuwa rafi, aure ne ya raba mu gari. Da muka fara manyanta muka yi alkawari, kuma muka faɗa wa 'ya'yanmu: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Mace ce mai kunya ƙwarai, ko kitso ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ni. Takan ce da ni cikin wasa, "Ke ɗai kinka san jikin ga, kar ki bari baƙin ido su gane ni."

Kowace safiya sai na tambayi 'yata ko an bugo daga Bakura. Ranar da abin ya faru ma na tambaya. Ta ajiye min kunu, ta gyara min majanyin da nake rataye hannu, ta ce, "Da sauƙi, Inna, sha kununki."

Bayan la'asar maƙwabciyarmu ta shigo tana sallama a sanyaye, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙanta, ashe ƙawarki lokaci ya yi." Na dubi 'yata. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. A nan na gane tun da safe ta sani.

Washegari na sa ƙanena ya kai ni. Ban nemi izinin kowa ba. Daga Mafara zuwa Bakura ba wata tafiya ba ce, kafin ƙafata ta yi tsami a mota mun isa, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Babban ɗan aminiyata ya durƙusa gabana, idonsa jawur.

"Inna, mun bugo tun da sahe. Mun ce muna jiran ki har azahar, don ta bar wasiyya. Anka ce muna hannunki bai bari, mu yi kawai."

"Wa yac ce haka?"

Na riga na san 'yata ce. Na tambayi matan gidan wa ya kwance mata kitso ya yi mata wanka. Suka ce wata baiwar Allah ce da ta sauka unguwar kwanan nan gudun 'yan bindiga daga Gidan Goga, ta iya sosai. Ban ce ba ta iya ba, Allah ya saka mata. Amma ko sunan wadda take wankewa sai da ta tambaya.

Wankan mamaci ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Wata na cuɗawa, wata na zuba ruwa. Hannuna na hagu lafiya lau yake, buta ba ta fi ƙarfinsa ba. Ko wannan aka hana ni, da na tsaya a kanta na tare ta da jikina. 'Yar da na haifa, wadda ta ji alkawarin nan da kunnenta, ita ta yanke hukunci a madadina, ta kuma dube ni ta ce da sauƙi.

Da na dawo ta biyo ni ɗaki tana hawaye. "Inna, kin ji mi likita yac ce. Na san in kin je ba ki tsayawa ga buta. Don hannunki niy yi."

Na san ba ƙarya take yi ba, kuma har yau zuciyata ba ta sauko ba. Damina ta wuce, an yi girbi, muka koma asibiti aka sake ɗaukar hoto. Likita ya ɗaga shi sama ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ƙashin bai kama ba tukuna. Na juya na ce da 'yata, "To ga hannun da kinka tsare."