Hannayen Inna

Da hukumar ɗakin gwaje-gwaje ta yanke shawarar sa wa sabon gininta sunan marigayiya Inna, sai aka nemi iyalinta su rubuto taƙaitaccen tarihinta, a buga a raba ranar buɗewa. Yayyen suka jibga wa Auta aikin, wai ita ce malamar makaranta.

Inna 'yar mai gyaran agogo ce. Ta taso tana jera wa mahaifinta ƙananan kusoshi a kan farin ƙyalle. Ta karanta ilimin sinadarai lokacin da ita kaɗai ce mace a ajinsu, sannan ta kama aiki a wannan ɗaki, tana gwada ruwan rijiyoyi da man girki da hatsin da aka fesa wa maganin ƙwari, har ta yi ritaya. Abokan aikinta suna ce mata Uwar Kwalabe.

Duk wannan Auta ta rubuta ba wahala. Sakin layi na ƙarshe ne ya tsaya mata a wuya. A ciki ta ce jama'a sun ci moriyar Inna, amma 'ya'yanta ba su san rungumarta ba. A ganinta ba sharri ta yi ba. Tana tune da yadda take rugawa bakin ƙofa da yamma, Inna ta maida hannaye baya ta ce, "Matsa can," ta wuce banɗaki. In ta bar layin, baƙi za su karanta. In ta cire, za ta ji kamar ta yi ƙarya.

Kafin ta miƙa, sai ta kai wa Kawu Tabarau, wanda suka yi aiki da Inna a teburi ɗaya. Ta same shi a baranda yana fama da rediyonsa. Ya karɓi takardun, ya kai su dab da hanci.

"Wannan ai takardar neman aiki kika rubuta mata, 'yar nan. Ta riga ta samu aikin, ta gama, ta tafi."

"Kawu, ka dai kai ƙarshe."

Da ya kai ƙarshen sai ya kashe rediyon.

"An taɓa gaya miki zancen safar hannu?"

"A'a."

"Duk safar da ake kawo mana ta maza ce. Uwarki kuwa hannunta kamar na 'yar tsana. In ta sa, yatsun safar suna reto, kwalba na zame mata. Ranar da ɗaya ta suɓuce ta tarwatse a gaban kowa, wasu suka fara ƙus-ƙus, wai dama aikin ba na mata ba ne. Daga ranar ta daina sawa. Da hannunta haka take taɓa komai."

"Ba ta wankewa a can?"

"Tana wanke hannu a famfo, amma irin abin da muke taɓawa har gashi da tufafi yake kamawa. Mu muna da ɗakin wanka, sai mun yi wanka mun sauya kaya muke fita. Wanda ya zana ginin bai taɓa tunanin mace za ta shigo ba. Ta nemi a ware mata wuri har ta gaji. To a jikinta take kai dafin gida, ke kuma kina bakin ƙofa da yatsa a baki."

Auta ta miƙa hannu ta karɓi takardun.

"In cire ke nan."

"Ni ban ce ki maida ita waliyyiya ba. Faɗa gare ta kamar me. Ta taɓa jifa na da burushin wanke kwalba don na bar ma'auni da ƙura. Ki sa wannan ma, ki ce ta same ni a kunne."

Auta ta yi dariya, idonta ya ciko. Ta durƙusa ta yi masa godiya, ya kore ta da hannu, ya ce in an buga a kawo masa da manyan baƙaƙe.

A hanya ta kira babban wansu a waya.

"Yaya, in Inna ta fito wanka, me take yi?"

"Nemanki mana. Ke kuma kin shige bayan kujera kin kumbura baki, a yi ta lallashi ki ƙi fitowa. Sai ta zauna a ƙasa kusa da kujerar, gashinta na ɗiga, har ki gaji ki rarrafo. Ke dai kin ba matar nan wahala, autar banza."

"Ban tuna ba."

"Ina za ki tuna, a cinyarta kike yin barci."

Da ta isa gida ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a tebur. Ta ja layi a kan sakin layin nan, ta juya takardar, ta fara da cewa hannayen Inna ƙanana ne.