Jan Farce a Kan Wayoyin Baba

Da hantsi tsoro ya kama ta, a ɗakin kwamfuta, lokacin da ta ga alƙaluman aikinta sun kife. Shekara biyu tana auna igiyar rediyon wasu matattun taurari masu juyi, a cikin wani curin taurari, don sanin gefen da igiyar ke karkata. Ashe duk abin da ta rubuta dama, hagu ne. An musanya wayoyi biyu a wuyan babban faifan da ke sauraron sama, kuma mai ɗaura wayoyin babanta ne.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana hawan tsanin faifan nan. Bai wuce sakandare ba, amma da hanci yake gane waya ta fara ƙuna. Da aikin ya raine su biyar, ya kai ta jami'a. In ya ɗaure noti, sai ya ɗiga masa jan farcen Inna, don ya tsage in wani ya taɓa. Ma'aikata har dariya suke masa.

Farfesan da ke duba aikinta bai ɓata lokaci ba. A gaban taro ya ce, "Tsohon nan ido ya tafi, a ba shi hutu." Aka dakatar da Baba.

A gida ta tambaye shi, "Baba, kai ne?"

"Ni? Ko a makance na san hagu da dama, 'yar nan. Ci abincinki."

Inna ta ce, "Ka ƙarar min da jan farce, ga sakayyar."

Washegari ta hau tsanin. Jan ya tsage a notin biyu, ga tabon filaya. A littafin karɓar makullin faifan kuwa, a wani makon da Baba ya yi kwance a asibiti shekara biyu da suka wuce, sa hannun Farfesa ne.

Kullum sai ta rusuna wa Farfesa, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" alhali ba abin da take so sai ta gan shi tsaye a zauren taron nan yana lashe amansa, Baba na zaune. Ta aika hotunan ga kwamitin bincike, da mujallar da ta buga aikin da sunan Farfesa a sama. Ta san digirinta na iya tafiya tare da shi.

Kwamitin ya zauna ranar Talata. Yau kwana tara, ba a kira Baba ba, wasiƙa ba ta zo ba.