Inda Sawu Ya Mutu

Kakarmu, Inna Dije, ba ta yarda da kowa ba. Ko ruwa ka kawo mata sai ta leƙa cikin moɗar tukuna. Amma bayan isha'i, in ta hura wuta a tsakar gidanmu na Roni, duk jikoki sai mu kewaye ta, ni a gaba, don ina ƙaunar tsohuwar nan da halinta duka.

Labarin da ya zauna mini shi ne na Ɗanjuma, wani ɗan doka, wato ɗan sandan zamanin En'e. "Mutumin nan ko sallama ka yi masa, sai ya juya ta ya duba bayanta," in ji Inna.

Tana yarinya aka sace bijimin wani manomi. A lokacin bin sawu ake yi, inda ya mutu kuma nan ake neman ɓarawo. Sawu ya mutu a bakin rugarsu. Jama'a na ta ihun ɓarawo, aka ɗaure babanta za a kai shi Kazaure, ita kuwa tana kuka, ta riƙe gefen rigarsa.

Sai ga Ɗanjuma ya iso. Ya tsuguna yana kallon ƙasa har mutane suka ƙosa. Sannan ya dubi mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, kofaton bijimin ne ya taka sawun mutum. Ɓarawon nan a gaba yake, ja yake yi. Yaushe ka ga makiyayi ya ja sa? Kora yake."

Aka kwance babanta. Ɓarawo dai ba a kama shi ba. Nan Inna takan rage murya ta ce, "Amma wanda ya fi kowa ihu ran nan, har ya mutu bai sake haɗa ido da mu ba."

Na girma ina zaton nufinta kada in yarda da kowa. Sai watan jiya na gane ba mutane Ɗanjuma ya zarga ba, maganar da kowa ya yi saurin amincewa da ita ya zarga. An tsinci babur ɗin sata a bayan katangar gidana, jama'a suka yi ca a kan ɗana Sani. Har yau yana tsare.

Ran nan, cikin tsoro, na bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga mai tsugunawa ya kalli ƙasa. Kafin 'yan sanda su iso, taron ya tattake sawun gaba ɗaya.