An Fassara Mana Mutuwar Da Ba A Yi Ba

Wata ranar Laraba da hantsi, ina zaune a ƙofar gida a nan Funtuwa, sai na ji salati ya tashi daga gidan maƙwabciyata, Hajiya Tasalla.

Ɗa ɗaya gare ta, Jazuli. Ni na koyar da shi a firamare kafin in yi ritaya. Yanzu yana karatun aikin jinya a ƙasar Finland.

Ga abin da ya faru.

Ta kira wayarsa kamar yadda ta saba. Sai wata tsohuwa ta ɗauka, muryarta na rawa, tana ta zuba magana da yaren da Hajiya ba ta taɓa ji ba.

Hankalin Hajiya ya tashi. Aka ce a kira wani bawan Allah na layinmu, wanda ya daɗe a Makka yana sayar da carbi da darduma. Unguwa ta riga ta yanke cewa babu yaren da ba ya ji. Ba zan kama sunansa ba tukuna.

Ya zo, aka sake kira. Ya kara waya a kunne, yana gyaɗa kai, ya jefa 'yan kalmomi. Ya kashe.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Jazuli lokaci ya yi."

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi. Dangi daga Gusau sun kamo hanya. Hajiya ta suma, an yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo tana kiran sunan ɗanta.

Na je na zauna kusa da mutumin. Aji ya koya mini cewa ɗalibin da ya san amsa ba ya jin haushi idan an tambaye shi yadda ya samo ta.

Na ce, "Alhaji, a wane asibiti ya cika? Me ya same shi?"

Ya ce, "Malam, matar kuka take yi. Kuka ai ba ya buƙatar tafinta."

Na ce, "Ba kukanta na tambaye ka ba. Da wane yare ka amsa mata?"

Ya ce, "Na Indonesiya. Ai duk yaren ƙetare ne, kusa suke da juna."

Nan take raina ya ɓaci.

Jama'a, ku saurara.

Na yi aikin Hajji, na zauna da mutanen Indonesiya. Maganarsu ba ta ɓoyuwa. Suna son maimaita kalma: a kasuwa ana kiransu da "murah, murah", wato araha, idan za su ce ka yi hankali sai su ce "hati-hati". Kuma akwai Larabci a cikinta har kunnen Bahaushe ya tsinci wani abu. Labari "kabar" ne a wajensu, lokaci kuma "waktu".

Yaren Finland kuwa wata duniya ce. Kalma ɗaya sai ta miƙe kamar jirgin ƙasa, ana ta ɗaura mata tarago a baya. Danginsa suna Estoniya, da na nesa a Hungary. Dangin na Indonesiya suna Malesiya, har zuwa Madagaska.

Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya, ba su haɗa ko kaka ba.

Wanda ya iya ciniki da ɗaya bai san ko "sannu" a ɗayan ba.

Na tashi na shiga cikin gida. Na ce, "Hajiya, ba ni wayar. Kada a ɗora tukunyar sadaka sai mun gani da idonmu."

Wannan karon kiran bidiyo muka yi.

Tsohuwar ta ɗauka. Farar mace, gashi fari fat, tana zaune cikin bas. Ba kuka take ba. Haka muryarta take, tsufa ne. Ta ga fuskokinmu, ta ɗaga tafin hannu alamar mu jira.

Muka jira.

Ta sauka, ta shiga wani babban gini, ta bi dogon lungu tana haki. Ta tura wata ƙofa. Ta juya wayar.

Jazuli ne. Kwance, ƙafa a naɗe, yana cin ayaba.

Ya leƙo ya ce, "Inna, lafiya na ga gida cike? Biki ake ba a gaya mini ba?"

Hajiya ta rungume wayar a ƙirji. Sannan ta ce, "Ɗan nema. Ayaba ce abincin mai karaya?"

Ashe santsin ƙanƙara ne ya kwashe shi yana ɗaukar wa tsohuwar kayan cefane. Maƙwabciyarsa ce, ba ta jin Turanci. Aka tafi da shi asibiti, waya ta rage a hannunta. Tun safe abin da take ta faɗa mana ke nan: yana nan lafiya, ga ta nan za ta kai masa wayar.

Alhamdu lillahi. Tabarmin makoki a kansu aka ci tuwon murna, har da mutanen Gusau.

Amma ni ban gama ba.

Hajiya ta ce ta yafe. Haƙƙinta ne. Sai dai unguwa ma tana da nata haƙƙin. Hajiya mai hawan jini ce, da ba ta farfaɗo daga suman nan ba, wa za a tambaya?

Abin da nake nema bai da yawa. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, inda aka sanar da rasuwar, ya faɗa da bakinsa cewa bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya je ya durƙusa gaban Hajiya. Kuma ya daina karɓar wayar mutane.

Har yau bai yi ba. In ya hango ni sai ya sauya layi. Ina nan ina jira, ɗan fansho ba ya rasa lokaci.

Darasi: "Ban sani ba" amsa ce cikakkiya, kuma ban taɓa dukan ɗalibi a kanta ba. Wanda kunya ta hana shi faɗinta zai iya binne mai rai. Mu ma da laifinmu: mun ga mutum ya tsallaka teku, sai muka ɗora masa harsunan duniya duka. Kafin ka shimfiɗa tabarma, tambayi mai labarin yadda ya ji.

Ku tura wannan ga duk wanda ke da ɗa a ƙetare. In ya faɗa hannun Alhajin layinmu, to ya san la'asar ɗin da nake nufi.