Hular da Baba Ya Hana a Wanke

Tun da mahaifina ya zo wurina a Ard al-Liwa, wata unguwa a Masar, neman maganin ciwon suga da mantuwar da ta fara kama shi, faɗanmu ɗaya ne: hularsa. Tsohuwar zanna ce, bakinta ya yi baƙi ƙirin da gumi. Duk ranar wanki sai na miƙa hannu, shi kuma ya dafe kai. "Ke, hula ba zane ba ce. Sai mai wankin hula ya sa mata sitati, ya kafa ta a itace ta bushe. Akwai shi a garin nan?" Babu kuwa. Ƙarshe ma ya koma ɓoye min ita a akwatinsa idan zai kwanta.

Wata safiya a tsakiyar zafi na sauka sayen burodi, na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, Baba ba ya nan. Bai sha magani ba, bai karya ba, Larabcin Masar kuwa ko na tambayar hanya bai iya ba. Maigidana ya tara 'yan uwansa ɗalibai suka bi masallatai ɗaya bayan ɗaya, har azahar babu labari. Ni dai na kasa zama, don na san abin da rana irin wannan take yi wa mai suga.

Mai kantin magani na ƙasan gidanmu ne ya ce akwai 'yan sa-kai masu neman ɓatattu da karnuka, kuma ba sa karɓar ko sisi. Maigida ya fara jan gemu yana zancen najasa. Na ce, "Malam, a nemo min ubana tukuna, wankin tabarma ni zan yi."

Ashe jin baƙi za su zo, maƙwabciyata Hajiya, Bahaushiyar Sudan mai kirki har ya yi yawa, ta shige ɗakin Baba. Ta cire zanin gado ta jiƙa, ta kwashe rigunansa ta tura injin wanki, ta goge ƙasa, ta bi kowane lungu da turaren wuta irin na matan Sudan. A ganinta abin kunya ne Larabawa su shigo su ji warin tsoho.

Mai karen mace ce, likitar dabbobi da ta rufe wurin aikinta ta taho. Ta bar karen a ƙasa da abokin aikinta, ta hawo ta ce a ba ta wani abu mai warin jikin Baba wanda ba a wanke ba. Ta shaƙi ɗakin sau ɗaya, fuskarta ta sauya. Ta ce da wannan turaren kare zai bi duk wata 'yar Sudan da ke unguwar nan. Hajiya ta ɗora hannu a ka tana ba ni haƙuri da Larabci, "ma'alish, ya binti, ma'alish." Wallahi na ji kamar in rufe ta da duka.

Can akwatin ya faɗo min a rai. Na buɗe, ga hular a ƙasan Alƙur'aninsa da aka naɗe a jaka. Sai a lokacin na san Baba kai babu hula ya fita, mutumin da ko ƙofar ɗaki ba ya leƙawa haka. Na kai hannu, likitar ta riƙe ni, ta ɗauke ta da leda a hannunta.

A bakin ƙofar gini karen ya cusa hanci cikin hular nan, ya daɗe. Ta ce masa, "Yalla." Ya kafa hanci a ƙasa, ya ba masallatai baya gaba ɗaya. Muka bi shi ta tsakanin tuktuk, kekunan haya masu ƙafa uku, da masu tallan gwanjo, ya tsaya a wata mararraba yana kai-kawo har na fara cire rai, sannan ya figi igiya ya kutsa wani siririn lungu da babu wanda ya leƙa cikinmu.

A ƙarshen lungun akwai garken tumaki na wani mahauci. Karen ya zagaya bayan buhunan dusa, ya zauna, ya yi haushi. Ga Baba a jingine da bango, leɓensa ya bushe, hannunsa a gadon bayan wani rago. Dillalin dabbobi ne shi tun yana saurayi, amma babu wanda ya tuna a cikinmu.

Na rangaɗa guɗar da ba a yi irinta ba ko ranar aurena. Matan Masar suka amsa min daga benaye, Hajiya na kuka, maigidana mai zancen najasa yana ta kabbara, shi ne ma ya sayo wa karen ruwa. Likitar ta ba Baba ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ta miƙo min ledar.

Na durƙusa na ciro hular. Ya karɓa, ya juya ta, ya duba bakinta da kyau, sannan ya dube ni.

"Ba ki wanke ta ba ko?"

"Ban wanke ba, Baba."

"To, madalla." Ya kafa abarsa a ka.